Shirun da Ya Kusa Raba Ni da Ƙafata

Zuwa ga mai girma Dagacinmu, da shugabannin ƙungiyar tsofaffin 'yan dako, da malaminmu na ajin manya. Gaisuwa da ladabi da biyayya. Bayan haka, ni Habu na daɗe ina ɓoye dalilin ɗingishina. Yau da alƙalami ya zauna a hannuna, zan bayyana shi a wannan shafi.

A zamanin da kuɗin fetur suka shigo ana ta gine-gine, ina saurayi, ni ne kan gaba wajen sauke siminti a Kazaure. Wata Laraba na zame daga kan mota da buhu a ka. Idon sawuna na hagu ya yi ƙara kamar an karya kara.

Aka kai ni wurin mai ɗori a wani ƙauye bayan Gwiwa. Ya ja, ya jera kara, ya ɗaure tamau. Ya ce kada a kwance sai ya ba da izini.

A kwana na huɗu ƙafar ta ɗauki zafi. Na gaya wa Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Ya ce, "Haba Habu! Kai da ke ɗaukar buhu biyu? Kada mata su ji ka."

Sai na yi shiru. Wannan shi ne kuskurena, kuma ban ɗora wa kowa ba.

Kwana goma sha ɗaya ina cije haƙori. Ranar da Inna ta shigo da kunu, ta tsaya a bakin ƙofa, ta kira Baba, ta ce, "Malam, zo ka ji warin nan." Yatsuna sun fara baƙi.

Baba ya sayar da sa guda, muka tafi asibiti a Kano. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce da Baba, "Za mu buɗe mu gani. In ruɓar ta kai ƙashi, sai haƙuri."

Aka kawo takarda na dangwala yatsa. Ban san ko gyara na yarda da shi ko yankewa ba.

A gadon kusa da ni akwai Jauro, makiyayi daga Babura, an yanke masa ƙafar dama. Ya ce, "Ɗan dako, kwantar da hankalinka. In sun cire taka, takalmi ɗaya ya ishe mu, mu raba." Kowa ya yi dariya. Ni na juya ga bango.

Da na farfaɗo daga tiyata, na kasa duba ƙasan bargo. Jauro ne ya leƙa, ya ce, "Ka cuce ni, tana nan."

An sa ƙarfe, an cire yatsu biyu. Wata uku ina kan sanda. Ƙafar ta tsira, amma dako ya ƙare, kuma har yau in sanyi ya sauka ƙarfen nan yana gaishe ni.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna.

Shawarata ga matasa: in ɗori ya yi zafi, ko wari, ko yatsu suka canza launi, a kwance a tafi asibiti ranar. Faɗin ciwo ba ragwanci ba ne.

Shaidun wannan al'amari su ne Malam Idi direban motar, yana Roni da ransa. Da Jauro, in yana raye. Da Kawu Sale, wanda ya goya ni a bayansa har ƙofar likita yana kuka, mata suna kallonsa.