Tarihin Goggo Sadiyya, Wadda Kyanda Ta Same Ta da Furfura

Haihuwa da Asali

An haifi Sadiyya a shekarar 1941 a wani zangon mahajjata da ke gabas da Fort-Lamy, garin da ake kira Injamena a yau. Mahaifinta Malam Waliyyullahi da mahaifiyarta Shatu mutanen ƙasar Daura ne da suka fito da ƙafa da niyyar Makka, suna noma damina guda su ƙara gaba. Al'adar ayarinsu ita ce, da zarar an ji ciwon yara ya shigo gari, sai a ɗaure kaya a tashi. Da wannan dabara Sadiyya ta girma ba ta taɓa yin kyanda ba, ba kuwa wanda ya lura, har ita kanta.

Karatu da Aure

Bayan rasuwar mahaifinta a shekarar 1953, mahaifiyarta ta dawo da ita unguwar Ridina a Fort-Lamy, suna cewa hutawa za su yi kafin su ci gaba. Hutun nan shi ya cinye rayuwarsu. A nan ta sauke Alƙur'ani, ta kuma koyi haɗa turaren wuta, sana'ar da aka san ta da ita har unguwar Chagoua. A shekarar 1959 ta auri Malam Mijinyawa, manomi mai gona a Toukra, a bayan gari. Ba ta bar al'adar iyayenta ba: duk bazarar da kyanda ta ɓulla, sai ta kwashi 'ya'yanta zuwa bukkar gona har a ce ta lafa.

Shekarun Girma

Bayan rasuwar mijinta a shekarar 1991, ta zama Goggon kowa. Mace ce mai yawan zama da la'asar tana kallon hayaƙin kasko, ta ce a cikinsa take ganin hanyar gabas, da rairayi, da tekun da iyayenta ba su kai gare shi ba. Burinta ɗaya ne a duniya, ta ƙarasa musu tafiyar.

Da masu allurar rigakafi suka riƙa zuwa unguwa, ita ce take bi gida gida tana fito da yara, wanda ya ɓuya a bayan randa ta jawo shi da kunne. A shekarar 1998 wani malamin asibiti ya tambaye ta, "Goggo, ke fa, kin yi kyanda kuwa tun kina ƙarama? Wanda bai taɓa yi ba, ko ya tsufa tana iya kama shi." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ɗana, wa ya kai shekaruna bai yi kyanda ba? Kalas, shi ke nan, ka ji da yaranka." Matan da ke wurin suka taya ta dariya, domin haka kowa ya ɗauka.

Jinya da Rasuwa

A farkon shekarar 2005 'ya'yanta suka sanar da ita cewa da ita za a tafi aikin Hajji mai zuwa. Ta ɗinka fararen kaya, ta turara su, kullum sai ta buɗe adaka ta duba.

A bazarar shekarar kyanda ta kama jikarta A'isha Humaira, jaririyar da ba ta isa karɓar allura ba. Bisa al'adar unguwa, tsohuwa ce ke riƙe irin wannan yaro, tunda ana ganin ciwon ya gama da ita. Babban ɗanta Siraji ya roƙe ta da ta bi sauran yara Toukra, saboda tafiyar da ke gabanta. Ta ce, "Na yi ta gudu tun ina goye. Wannan karon a nan zan zauna." Ta karɓi yarinyar a cinyarta, ba ta sauke ta ba sai don a ba ta nono.

Yarinyar ta warke. Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe Goggo, idanunta suka yi ja, ƙuraje suka feso mata daga bayan kunne. Da yake ba wanda ya kawo kyanda a ransa, aka yi ta ba ta maganin zazzaɓin sauro, sai da ciwon ya sauka a ƙirji aka kai ta asibiti. A kwanakin nan ba ta nuna tsoro ba. Tana ta magana a hankali da marigayiya mahaifiyarta, tana cewa ayari ya tashi, an fara jin ƙanshin teku. Da ta farfaɗo sau ɗaya, abin da ta tambaya shi ne ko Humaira ta sha nono.

Allah Ya yi mata rasuwa ranar wata Alhamis da hantsi, tana da shekara sittin da huɗu. An yi mata salla bayan azahar, aka kai ta makwancinta, mutanen Ridina suna kuka ba ɓoyewa.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Siraji, Dawuda, Aminatu da Adama, da jikoki goma sha ɗaya. Ƙaramarsu, A'isha Humaira, ta fara rarrafe a tsakar gida ana zaman makoki. Allah Ya karɓi niyyar Goggo, Ya rubuta mata ladan wanda ya isa Makka.