Numfashin Baba a Cikin Leda

Shekarar da tarin Baba ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wasu masu bincike suka zo ƙaramin asibitin garinmu, kusa da Minjibir, da wata na'ura mai girman akwatin rediyo. Wai numfashi take sunsunawa. Mutum ya hura iska cikin leda, ita kuma ta rarrabe abin da ke cikin iskar kamar shiƙar gero, marar nauyi ya riga isa, mai nauyi ya biyo baya. Da haka, in ji su, wata rana za a riƙa gane ciwon huhu.

Ni ne ɗan boko a gidanmu, ni na karanta takardarsu. An rubuta ƙarara cewa na'urar ake gwadawa, ba marar lafiya ba, kuma babu wanda za a aiko wa sakamako. Ban fassara wa Baba wannan layin ba. Na ga fuskarsa ta washe, na kuma ga na huta da kai shi Kano ana tsakiyar noman gyaɗa. Na kama babban yatsansa na dangwala.

Sun ce a zo da safe, ba abinci, ba goro. Baba da ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau sai ya ɓare goro, ranar ya haƙura. Ya hura har idanunsa suka kawo ruwa.

Daga nan duk wanda ya ce a je birni a gwada kakin da yake tofarwa, sai ya ce, "Ai inji ya riga ya shaƙi numfashina. Ku bari saƙo ya zo." In ya ji ƙarar mota sai ya ce, "Kai, leƙa, ko mutanen ne." Na san babu mai zuwa, amma in tashi in leƙa. Ban yafe musu ba, don sun ji tarin da kunnensu. Amma na fi jin haushin kaina.

Sai da aka cire gyaɗa muka kai shi. Likita ya ce mun makara.

Bayan sadakar arba'in masu binciken suka dawo karɓar numfashi na biyu. Inna tana takaba, daga bayan ƙofar zaure ta yi magana.

"Malam, ya jira ku har ya gaji. Me injin naku ya ce yana damunsa?"

Shugabansu ya duba takardar, ya dube ni.

"Hajiya, ai mun yi wa ɗanki bayani tun ranar."

Inna ta koma ciki. Har yau in takarda ta zo mata, gidan maƙwabta take aikawa a karanta mata.