Yatsan Baba Dannau

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Baba Dannau ake kiransa, domin ba ya wuce inji mai bel, matuƙar a kashe yake, bai sa babban yatsa ya danna bel ɗin ba, ko da injin ba aikinsa ba ne. Shekara ashirin da shida ya yi a ɓangaren gyara na wata masaƙa. Da aka rufe masaƙar, ya kwashi sifanoninsa a buhu ya kama rumfa a ƙarshen layin masu walda.

Bangon rumfar duk fuli ne, wato faifan ƙarfe mai kwari da bel ke zagayawa a kansa, rataye a ƙusoshi, daga mai faɗin bakin kofi har mai faɗin tire. Wanda ya zo sayen fuli kuwa sai ya sha tambaya kafin ya ga fuli. Me injin yake juyawa? Gudu kake so ko ƙarfi? Baba yakan ce duka biyun ba sa zama a hannu ɗaya: ka sa ƙaramin fuli a moto, babba a inji, ka sami ƙarfi ka rasa gudu. Yakan kwantar da bel a kwarin fuli ya leƙa ta gefe. In bel ya taɓa ƙasan kwarin, fulin ya cinye, komai ƙyallinsa. Da zare yake daidaita fuli biyu su kalli juna. Sannan ya koma kan ajasta, ɗan ƙarfen da ake juya notinsa bel ya yi tauri ko ya saki.

Hukunci na ƙarshe na yatsa ne. Ya juya noti, ya danna tsakiyar bel, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron gulma, ya ce, "Nan ne." In ya ce nan ne, to nan ɗin ne. Ya sha gaya wa masu inji cewa bel sakwa-sakwa ba shi da munafunci, zamewa yake yi yana ƙara kowa ya ji. Mai tauri shi ne abin tsoro, shiru yake aiki yana cin boris a ɓoye, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa.

Bana sai abubuwa suka fara rikicewa. Kafinta, abokinsa na shekara arba'in, yana da injin goge katako, kuma injin ya kashe boris uku cikin wata biyu. Mai injin niƙa ya kawo kuka, mai famfon ruwa ma haka. Baba ya ɗora laifin a kan boris na zamani, ya ce jabu ne, ƙarfen gwangwani ake narkawa a zuba. Amma da wani mai walda ya gaya masa ya ga baƙon makaniki ya shiga shagon Kafinta da jakar aiki, ranar bai iya cin abincin rana ba. Ba aikin ne ya dame shi ba. Ya sani in Kafinta ya daina yarda da hannunsa, sauran layin ba za su daɗe ba.

Matarsa ce ta fara lura. Shekara uku ke nan yana fama da ciwon suga, wanda kan sa yatsu su daina ji, ita ce mai ƙirga masa ƙwayoyi, kuma ba abin da ke wuce idonta. Wata safiya ta ga bororo a babban yatsansa. Ta tambaye shi me ya ƙone shi, ya dubi yatsan kamar na wani, ya ce ƙila murfin butar shayi ne. Ta shafa masa magani. Yana fita ta kira Auta a waya.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, makanikiya ce a kamfanin lemon kwalba. Ranar hutunta ta zo rumfar, ta gaishe shi, ta zauna a kan tsohuwar taya. Bayan sun taɓa hira ta zaro wani abu daga jaka, kamar biro mai kauri, da lambobi a jikinsa da zoben roba guda biyu. Ta ce geji ne na auna taurin bel, kamfani ya raba musu, amma ita ba ta yarda da shi ba, tana so ta gwada shi da hannun Baba.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce yanzu kuma biro ne zai koya wa mutane aiki.

Akwai dutsen wasa wuƙa a rumfar, mai moto da bel. Ya sassauta bel ɗin gaba ɗaya, ya sake ɗaure shi a gabanta. Ya juya, ya danna, ya ƙara juyawa, ya danna, ya ce nan ne. Auta ta ɗora rula a kan fuli biyun, ta kafa geji a tsakiyar bel, ta danna har babban zoben ya zo daidai da rula. Ƙaramin zoben, mai nuna ƙarfin da aka sa, ya haura kusan ninki biyu na abin da takardar da ta zo da gejin ta ce.

Baba ya ce gejin ne ba shi da lafiya. Ta ce mai yiwuwa ne, kayan kamfani ba abin yarda ba ne. Ta juya abin a hannunta na ɗan lokaci, sannan ta dasa shi a kan tebur, ta mayar da zoben ƙasa.

"Baba, rufe ido ka danna shi yadda kake danna bel. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Ya rufe ido ya danna. A wajensa taɓawa ce kawai, irin wadda ya saba shekara da shekaru. Da ya buɗe ido, zoben ya kai ƙarshen lambobi, ba sauran wurin zuwa. Farcensa ya yi fari fat, kan gejin ya lotsa masa fata har ya bar zagaye, shi kuwa bai ji komai ba.

Ba ta yi masa bayani ba, shi ma bai nema ba. Lissafin a fili yake ga mai sana'a: yatsan da ba ya ji ya fi dannawa da ƙarfi, bel ya lotsa, sai ya ɗauka sakwa-sakwa ne, ya ƙara ɗaurewa. Ya zauna a bencinsa, ya riƙe yatsan da ɗaya hannun. Daga waje ana jin masu walda suna musun ƙwallo.

"Ashe ba boris ba ne," in ji shi.

Can ya ce ta kwashi sifanonin, masu kyau ne, irinsu ba sa shigowa yanzu. Rumfar kuma a ba wa mai so.

Auta ta ce ba ta da inda za ta ajiye su, ɗakinta ko takalmi da ƙyar yake ɗauka. Ta ce geji abu ɗaya tak ya sani a duniya. Bai san fulin da ya cinye ba, bai san wanda ya dace da moto ba, bai kuma san Kafinta yana cusa wa injinsa jiƙaƙƙen katako yana rantsuwa busasshe ne ba. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

Ya ɗauki gejin ya nisanta shi da ido, ya matso da shi, ya ce lambobin kamar tururuwa suke. Ta buɗe jaka ta fito da jan farce kala uku. Ta tambaye shi girman bel ɗin da ya fi ɗaurawa, ta duba takarda, ta ɗiga wa kowanne alamarsa a jikin gejin. Ya ce bayan tsufa an mayar da shi ɗan kwalliya. Ta ce ya yi haƙuri ya hura masa iska ya bushe.

Washegari da hantsi ya shiga shagon Kafinta. Bai jira gaisuwa ta ƙare ba, bai kuma ja shi gefe ba, duk da ma'aikata uku na tsaye.

"Boris ɗinka uku, ni na kashe su. Hannuna ya daina ji."

Kafinta ya kakkaɓe garin katako daga gemunsa, ya daɗe yana kakkaɓewa fiye da yadda garin yake buƙata. Ya ce ya sani. Baƙon makanikin da ya kira ya gaya masa bel ɗin kamar rodi yake, ya sassauta. Shi kuma ya yi kwana tara yana neman bakin da zai faɗa wa Dannau, bai samu ba.

"Kai da ba ka rasa bakin zagi?"

"Zagi daban. Wannan gaskiya ce, ita ce mai nauyi."

Baba ya sa aka kashe injin. Ya ɗora rula, ya kafa geji, ya danna a hankali yana kallon alamar maimakon sauraron yatsa. Baƙon ya sassauta fiye da kima. Ya juya noti rabin zagaye, ya sake aunawa, zoben ya tsaya a kan ɗigon. Sannan ya leƙa kwarin ƙaramin fulin, ya ce wannan ya kusa, nan da wata uku a canza shi.

Kafinta ya aika a kawo shayi. Baba ya ce ba zai zauna ba, akwai inji goma sha ɗaya da ya ɗaura wa bel tun farkon shekara, kuma kowanne yana can yana juyawa. Ya fara lissafa su da baki: mai niƙa, mai famfo, mai injin ƙanƙara, gidan burodi biyu.

Kafinta ya dube shi, ya dubi ƙafafun Baba, ya cire rigar aiki ya rataye. Ya ciro makullin babur daga aljihu.

"Wanne ya fi nisa?"

"Mai famfo."

"To hau, tsoho. Da shi za mu fara."