Ranar da Magini Ya Kwaɓa Mini Gam

Ko na manta yawan haƙoran da suka rage mini a baki, ba zan manta da lokacin da na bar magini ya kwaɓa mini gam ba.

Bayan na ajiye aikin masinja a Dutsin-Ma, likita ya raba ni da jan nama, ya ce sai kifi. Na duba na ga dam ɗin Zobe cike da ruwa, kifi na yawo a ciki ba makiyayi. Sai na ƙudurta haɗa sandar fatsa irin wadda na gani a wayar surukina, mai zobba a jiki da zare ke bi ta ciki. Wani direban babbar mota ya kawo mini gora daga Kudu, doguwa miƙaƙƙiya, irin wadda ba a samu a nan, guda ɗaya tal. Tun da ta shigo gida matata Hajiya ta sa mata ido, wai tsawonta daidai na kakkaɓe yanar gizo a rufin ɗaki. Muka shirya a kan in sanda ta yiwu tawa ce, in ta lalace ta zama tata.

Na lanƙwasa zobba da waya, na naɗe su da zaren ɗinkin takalmi. Saura a shafe naɗin da gam ɗin nan mai haɗi biyu, wanda sai an gauraya farin da mai ruwan zuman kafin ya daskare kamar gilashi. Akwai bayani a jikin kwalin, amma ni karatuna a firamare ya tsaya shan ruwa, har yau bai taso ba.

Ina cikin juya kwalin sai ga taubashina daga Kurfi, tsohon magini, wanda ke cewa bangon da ya gina ko giwa ta jingina sai dai ta ji ciwon baya.

"Kai tsoho, me kake karantawa a kife?" in ji shi. "Kawo nan. Kwaɓi ai gadona ne."

Ya shinshina ɗaya, ya shinshina ɗaya, ya yanke hukunci cewa mai warin, wato mai ruwan zuman, shi ne siminti, ɗayan kuma yashi. "Wa ya taɓa kwaɓa siminti daidai da yashi in ba mai ɓarna ba?" Ya matse farin da yawa, ya ɗiga mai warin kaɗan kamar mai sa maganin ido. Da ya fara shafe bai tsaya kan zobba ba, kusan gorar duka ya bi kamar filasta. Zai tafi ya bar mini wasiyya, in riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma yadda ake wa sabon bulo. Ni kuma, da furfurata, na yi ta yayyafawa.

Kwanaki suka shuɗe sanda tana danƙo kamar alewa a rana. Ƙudan unguwa suka mai da ita maƙabarta.  Hajiya takan zo ta dubi gorar, ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki, ta wuce. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo.

Da taubashi ya dawo ya taɓa, yatsansa ya ƙi fita, bai nuna damuwa ba. "Iska ce ba ta samu ba, gidanka kamar tulu." Ya ɗora ni a bayan babur, na riƙe gorar ta gindi, inda bai shafa ba, na ɗaga ta kamar tuta, muka kama hanyar Kurfi. Wajen Birchi muka ratsa ta kusa da mata suna shiƙar gero, iska ta kwaso ƙaiƙayi ta yi mana lulluɓi. Da muka tsaya dubawa, abin da ke hannuna ya koma zangarniyar gero mafi tsawo a ƙasar Katsina. Wata akuya ta yarda da hakan, ta zo ta fara ci. Taubashi ya fizgi sandar zai kore ta, hannun rigarsa ya manne. Ya sunkuya zai ɓamɓare, gemunsa ya bi.

"Kada ka ja," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, kai a karkace.

Na ce, "Bari in samo ruwa in yayyafa maka, ko ka kama da kyau."

Da reza muka raba su. Gemun ne ya biya diyya.

Muka koma Dutsin-Ma wurin wani mai gyaran radiyato da ke aiki da irin wannan gam kullum. Sai da ya gama dariya ya share hawaye, sannan ya ce, "Baba, wannan ko tashin kiyama ba zai bushe ba. Daidai wa daida ake haɗa shi, a gauraya sosai, kuma ba ya shiri da ruwa." Ya sa muka kankare danƙon da reza, muka goge da tsumma da sifirit har gora ta daina kama hannu. Ya auna sabon haɗi a marfin kwalba biyu, ya shafa siriri a kan naɗin kaɗai, ya ce mu yi ta juya ta a kwance har ya kama, in ba haka ba zai taru a gefe ɗaya.

Haka muka zauna gindin dalbejiya, taubashi a kai ni a gindi, muna juya gora kamar masu gasa masara, daga azahar har aka kira la'asar. Duk wanda ya wuce sai ya tambayi taubashi abin da ya sami rabin gemunsa, shi kuma ya ce sabon yayi ne daga Kano.

Washegari na kai wa Hajiya. Ta ƙwanƙwasa naɗin da farce, ya yi ƙara kamar tangaran. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini abata ta ce, "To, Malam, ta zama taka. Ina kifin?" Wannan tambaya har gobe muna kan tattauna ta.

Abin da na koya shi ne, kowane aiki da mudunsa, gwanin wani fage baƙo ne a wani. Kuma duk ranar da ɗan'uwanka ya ce maka "kawo nan" tun kafin ya tambayi mene ne, ka riƙe kayanka da hannu biyu, ka tambaye shi lafiyar iyali.