Zanen da Lachamma Ta Yi da Iri

Lachamma ba ta taɓa shiga aji ba, amma a ƙauyenmu babu mai hannunta wajen zanen ƙofar gida. Kowace asuba takan yayyafa ruwa a ƙasa, ta zana furanni da garin shinkafa. Ita ce kuma ta ƙarshe da ke shuka iri goma sha biyu a gona ɗaya: jar dawa, gero, tamba, riɗi, wake da sauransu. Kowa ya koma auduga.

Irinta na cikin kwanduna, an cakuɗa da toka da ganyen darbejiya, an liƙe bakin da kashin shanu. Ba a fasa liƙin sai ruwan farko ya sauka. Wadda ta fasa kafin nan, cewa ake ta kira yunwa.

Shekarar da gwiwarta ta gaza, ɗanta Narsimlu ya ce gonar ta zama ta auduga. Ya shirya da mai tarakta ya zo ranar Sankranti, bikin girbinmu, ya kwantar da sauran karan. Irin kuwa, ya ce a niƙa a ci. Ta gaya mini ba gonar ce ta hana ta barci ba, irin ne, don daga hannun uwar mijinta ta karɓe shi.

Da asubar bikin ta fasa kwandunan duka. Ta yi zanenta da ƙwayar iri, ja da fari da baƙi, daga bango zuwa bango, ba ta bar wurin sa ƙafa ba. Ta ɗora tukunyar tamba a waje, ta gasa gurasar dawa, ta aika a kira matan unguwa.

Narsimlu ya fito ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ba a taka zanen biki, balle na hatsi. Tarakta na ta gurnani a bakin hanya.

"Awwa, uwata, wannan wane irin hauka ne? Ki buɗe mini hanya."

"Ga hanya nan, ɗana. Ƙafarka ce."

Matan suka zo suka zauna, suna ci suna satar kallo. Babu mai son a ce ta taɓa irin da aka fasa ba lokacinsa ba. Rana ta ɗaga, kaji suka fara matsowa, tururuwa ta ja layi ta gefen riɗin. Lachamma na zuba miya. In hantsi ya wuce haka, irin shekara arba'in ya tafi cikin kaji.

Sai Tuljamma, wadda suka daɗe ba sa ga maciji da Lachamma, ta ajiye gurasarta. Ta ce rabonta da wannan ɗanɗano tun uwarta na raye. Ta nuna furen tsakiya.

"Akka, yayata, jar dawar nan ce muke ci?"

"Ita ce. Ko haƙoranki sun manta?"

"Tsohuwar banza," in ji Tuljamma, ta durƙusa ta kwashe furen cikin gefen zaninta.

Sauran suka bi, har ana ture juna. Kafin azahar ƙofar ta koma ƙasa tsura, Narsimlu ya fita bai kalli kowa ba.

Ya shuka audugarsa a waccan damina. Amma irin ya fito a gonaki tara. Yanzu Lachamma na zaune a gida, duk kaka matan na kawo mata kwandunansu, don har yau babu wadda ta iya liƙi kamarta.