Ƙorai Masu Ɗinki a Gidan Inna Delu

Abin da idona ya fara sauka a kai, ranar da Baba ya kai ni hutu gidan kakata a Jibiya, shi ne ƙorai. An kife su a jere a kan rumfar tsakar gida suna shan iska, kusan kowace da ɗinki a jikinta. Shekarata tara a lokacin. Ba na iya haɗa ido da baƙo, in an tambayi sunana sai in kalli yatsun ƙafata, amma ƙidaya ba ta wuce ni. Kafin in gama gaisuwa na ƙirga masu ɗinki goma sha ɗaya.

Inna Delu muke ce mata, ita ta haifi Baba. Mijinta, Kaka Musa, ya rasu tun ina goye, bayan sun shekara arba'in tare. Duk dangi da aurensu ake misali. An ce bai taɓa cin tuwo ba sai ya ji ta ce ta ci.

Da an idar da magariba an ci abinci, Inna ba ta kashe wutar murhu. Sai ta tura masara cikin garwashi, yaran maƙwabta su shigo mu kewaye ta. Can bakin titi ana jin gurnanin manyan motoci masu jiran a ɗaga musu shinge su wuce Maraɗi. Ni wurina ɗaya ne, bayan kafaɗarta ta hagu, inda haske bai cika kaiwa ba.

"Ƙawata, fito fili mana," in ji ta. "Ko bashin wani kika ci?"

Sai yara su kwashe da dariya, ni kuwa in ƙara lafewa.

Daga wannan lungu nake ganin abin da sauran ba sa gani. Wata yamma, jajibirin kasuwa, na ga Inna ta ɗauki ƙwarya lafiyayya, ta waiga hagu da dama, ta buga bakinta a gefen turmi. Ba da ƙarfi ba, daidai yadda za ta tsage. Ta duba tsagar, ta gyaɗa kai, ta ajiye.

Washegari sai ga sallama a zaure. Wani dattijo ne dogo, ya jingine kekensa. Malam Tanko gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, daga wani ƙauye can bayan iyaka yake zuwa duk ranar kasuwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ni aka aika in kai masa ƙwaryar da kofin fura. Ya juya ta a hannu, ya ɗaga murya yadda za a ji daga cikin gida.

"Delu, wanga turmi naku mugu ne. Kowane mako sai ya ciji ƙwarya guda."

"Kai dai yi aikinka," ta amsa daga bayan zana. "In ɗinkinka na da ƙarko, mi zai sa su riƙa buɗewa?"

"Ɗinkina bai taɓa buɗewa ba. Sabon wuri suke tsagewa."

Aikin da bai kai a daɗe ba, sai ya kai la'asar yana huda da basilla yana jan zare, suna hira ta cikin zana. Ranar nan Inna har waƙa take yi wajen tankaɗe.

Da hutu ya ƙare Baba ya zo ɗaukata, fuskarsa a ɗaure. Ina wanke kwanuka na ji dalili. Malam Tanko ya turo manyansa neman auren Inna, kuma Baba, da yake shi ne babban ɗanta, a hannunsa maganar take.

"Inna, me kika rasa?" in ji shi a hankali. "Mutane su ce mun kasa riƙe ki? Kuma bayan mahaifinmu? Ai ke da shi Allah Ya yi ku don juna. Irin wannan sau ɗaya ake samu."

Inna ta tashi ta nufi murhu. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi jayayya da shi a kan aure.

Da yamma aka hura wuta kamar kullum. Baba ya shimfiɗa tabarma nesa kaɗan yana latsa waya, kamar ba ya ji.

"Ga wata nan ta taso daga bakin gulbi," in ji Inna, ta buɗe tatsuniya.

"Ta ƙaraso mu gan ta!" muka amsa.

Ta ce an yi wani duma da aka raba biyu, ɓari ɗaya ya zama ƙwarya, ɗayan ya zama murfinta. Da yake daga jiki ɗaya aka yanke su, in an rufe ko tururuwa ba ta samun hanya. Suka daɗe suna riƙe furar gidan, har sauran ƙorai na sha'awarsu. Wata damina aka je wanki gulbi, ruwa ya ƙwace murfin ya yi arewa da shi, bai dawo ba. Mutanen gida suka ce, wannan ƙwarya mai daraja ce, murfinta ɗaya ne a duniya, ba za a ɗora mata wani ba. Suka rataye ta can sama kusa da rufi. Kowa ya shigo sai ya nuna ta ya yaba. Ba mai zuba mata ko ruwa. Tana nan a sama, tana bushewa, har ta fara tsagewa.

Rannan iska ta gangaro da wani tsohon faifai, gefensa duk ya zare, shi ma ƙwaryarsa ta daɗe da fashewa. Ya ce mata, ni ba daga dumanki aka yanke ni ba, ni kaba ce ma. In na zauna a kanki, gefe ɗaya zai bar kafa. Ƙwarya ta ce, zauna, ta kafar nan zan riƙa shan iska.

Wata yarinya ta ce, "Inna, to wane ne nata na gaskiya?"

Inna ta juya masara a wuta kafin ta amsa.

"Na fari tare aka halicce su. Na biyu shi ya tako da ƙafarsa. Ke kya iya cewa wani ƙarya ne? Ku tashi, tatsuniya ta bi hayaƙi, wuta ta mutu."

Na saci kallon Baba. Hasken wayarsa ya daɗe da ɗaukewa, amma yana nan ya ƙura wa wayar ido.

Da safe muka kama hanyar Katsina, ni da shi kaɗai a mota. Ban taɓa fara yi wa Baba magana ba sai ya tambaye ni. Mun wuce shinge na biyu na ji bakina ya buɗe.

"Baba, Inna da kanta take fasa ƙoran."

"Me kika ce?"

"A gefen turmi. Duk jajibirin kasuwa. Da na zo goma sha ɗaya ne, yanzu sha shida. Kuma ranar da Malam Tanko ya zo ne kawai take cinye tuwonta."

Baba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, yana dariya, yana share ido da hularsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya juya kan motar.

Bayan mako uku aka ɗaura aure. Da Inna ta gan ni ta kama kunnena.

"Munafukar Allah! Ashe duk shirun nan asirina kike tarawa?"

Ta cire min ƙwarya ɗaya daga cikin kayanta, wadda na ga an buga a turmi, ta ce in riƙe.

Shekara bakwai suka yi a ƙauyensa. Duk hutu sai na tsallaka iyaka na je. Ban ga ta ƙara fasa ko ludayi ba. Kuma kullum bayan salla ina jin ta tana yi wa Kaka Musa addu'a da sunansa, Malam Tanko na gefe yana cewa amin. Bara da damina Allah Ya yi mata rasuwa.

Yanzu ina ajin ƙarshe a makarantar kwana. A ɗakinmu ba a mako ba a yi gardama a kan wannan magana ba. Wasu su ce kowa da mutum ɗaya tak da aka halitta dominsa, in ya kuɓuce shi ke nan. Wasu su ce duk zancen fim ne. Ni ba na sa baki, har yau ban iya magana cikin taro ba. Amma a raina ina jin na fi kowa sanin zancen, don na san macen da ta yarda akwai irin wannan mutum, ta same shi, ta binne shi, kuma ba ta yarda a rataye ta a sama don ta taɓa samunsa ba. Baba ma ya yarda akwai, shi ya sa ya kusa hana ta. Ban san ko ni an yanke ni tare da wani ba. Abin da na sani, in ma an yi, ba hujjar bushewa ba ce.

A hutun da ya wuce ƙwaryar nan ta faɗo daga kan akwatina ta tsage. Na naɗe ta a ɗankwali na shiga motar iyaka. Na tarar da Malam Tanko a gindin bishiyar bedi, ido ya yi rauni, hannu na rawa. Ya shafa tsagar da yatsa.

"Jikar Delu, ke ma kin fara? Wane ne shi? Ɗan ina ne?"

"Wallahi faɗuwa ta yi, Malam."

"Haka ita ma take cewa."

Ya lalubo basillarsa, ya gwada, ta zame. Ya sake gwadawa, ta sake zamewa. Ya ajiye ta a kan tabarma. Na matsa kusa, na ɗauka.

"Malam, ka riƙe mini ita," na ce, "ka nuna mini inda zan huda. Kusa da ɗinkinka nake so nawa ya zauna."