Karan Dawar Da Na So In Kai Gaban Alƙali

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma abin da ya faru makon da na yi shirin shiga kotu da uwar ɗiyata, har in koma ga Mahaliccina ba za ni manta da shi ba.

A lokacin fatauci nake yi, in ɗauki kaya daga Sabon Birni zuwa kasuwannin Nijar, in dawo da wasu. Mun rabu da matata a kan maganar da yau in aka ce in maimaita sai kunya ta kama ni. Ta koma gidan ubanta a Gangara da ɗiyarmu ta fari, wadda ita kaɗai Allah ya ba mu. Yarinyar sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata uwata. Ran da suka tafi na aika cewa kada wanda ya sake kawo mini magana daga gidan nan, na kuma rufe lambarta a wayata. Aka yi wajen shekara biyu ban taka Gangara ba, ko sabulu ban aika ba, wai in ta ji wuya ta maido mini ɗiyata da kanta. Ni a lokacin gani nake mazantaka ke nan.

Da yarinya ta isa shiga makaranta sai na kai ƙara ina neman a ba ni ita. Daga ranar da aka sa mana lokacin zama, ƙafata ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Na sa aka yi wa ɗakin kusa da na Inna, mahaifiyata, fenti, na sayo 'yar katifa da gidan sauro, na je na yi wa malamin Islamiyya magana ya ajiye mata wuri. Duk wanda na gamu da shi, kafin mu gama gaisawa na faɗa masa uwata ta kusa dawowa gida. Abinci ma a tsaye nake ci.

Ɗan kawuna, wanda yake taubashina, shi ya fara rage mini zumuɗi. Ya taɓa ba da shaida a rikicin gona, tun daga nan yake jin ya san shari'a. Ya ce in sani a Musulunci uwa ake bar wa reno, sai in ta yi aure ko an same ta da wani aibu, don haka in nemi hujja. Na yi dariya na ce ai hujja tana cikin gwangwani a shagona.

Ga yadda abin yake. Bayan rabuwarmu, wani mai kabu-kabu ya ajiye mini saƙo wurin mai shayin bakin tasha, ya ce daga Gangara. Da na kwance tsumman sai na ga guntun karan dawa, an yanke shi tsaf gaba da baya, babu takarda babu magana. 'Yan majalisarmu suka taru a kai. Wani ya ce asiri ne, so ake in bushe kamar kara, wani ya ce kada in kuskura in taɓa da hannu. Na sa tsinke na tura shi cikin gwangwani na rufe. Daga baya wasu biyu suka biyo, su ma na haɗa su. Tun daga nan ko taya ta fashe mini a hanya, ko kaina ya sara, sai in ce aikin karan nan ne. To macen da ke bin bokaye, wane alƙali zai bar mata ɗiya?

Taubashina ya ce mu gwada shari'ar kafin ranar. Bayan la'asar muka taru a tsakar gidan Inna, tana gefe tana sheƙar gero. Ya naɗa tawul a ka, ya hau kujera, ya murtuke fuska.

"Kai mai ƙara, gyara tsayuwa, nan ba tasha ba ta," in ji shi.

Na gyara. Ya yi ta jefo tambayoyi ina amsawa da ƙarfi, har da nuna ƙofar ɗakin da aka yi wa fenti. Don daɗi, gani nake an riga an yanke hukunci. Da ya ce in kawo hujja, sai na buɗe gwangwani na zazzage karan a ƙasa, na ja da baya.

Inna ta ajiye faifai ta taso. Kafin in ce kada ta taɓa, ta riga ta tsince su da hannu. Ta jera su a kan tabarma, ta daidaita gindinsu, sai ga kowane ya ɗara na bayansa tsawo. Ta tambaye ni lokacin da kowane ya zo. Da na yi tunani, sai na ga duk gab da Salla ne. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ban sake gani a idonta ba.

"Kai da ka tashi cikin kasuwa, ba ka taɓa ganin an sayi takalmi da kara ba? Wanga awon ƙahwar ɗiyakka na."

Wallahi na gani, ba sau ɗaya ba. Ni kaina da kara Inna take auna ƙafata a ba mai zuwa kasuwa. Amma fushi ya rufe mini ido, na kalli abin da na sani tun ina yaro ban gane shi ba. Inna ta ce ni na hana a kawo mini magana, kuma ɗiyar fari ce, uwar ba ta iya buɗa baki ta yi roƙo dominta a gaban mutane, shi ne ta aiko da abin da kowane uba zai gane. Taubashina ya fara dariya, ya duba fuskata, ya haɗiye dariyar. Ya warware tawul ya ce kotu ta tashi, kuma in gode wa Allah, don da na kai wannan gaban alƙali da da hannuna na kai shaidar cewa Salla uku ban sai wa ɗiyata takalmi ba.

Washegari na ɗauki karan da ya fi tsawo na nufi kasuwa. Inna ta ce in ƙara faɗin yatsa biyu, don ƙafar yaro ba ta jiran uba ya huce. Na sayi takalmi, daga can na wuce Gangara, ina ta ce wa mai babur ya ƙara wuta. Na sami surukina a zaure, na durƙusa na gaishe shi na ba shi haƙuri. Bai yi mini faɗa ba, ya dai sa aka kira yarinyar. Ta fito da silifa da aka ɗaure da waya, duddugenta a ƙasa. Na ce, "Uwata, zo." Sai ta ɓuya bayan kakanta tana leƙo ni. Shi ya karɓi takalmin ya sa mata, takalmin ya zauna mata daidai. Ta taka, ta sake takawa, ta yi tsalle, sannan ta raɗa masa yadda ni ma na ji:

"Kaka, baƙon ga ya san ƙahwata."

A satin na je na janye ƙarata. Ta ci gaba da zama wurin uwarta, ina aika abin da ya wajaba a kaina, in an yi hutu kuma ta zo wurin Inna. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ta saki jiki ta ce mini Baba.

Abin da na koya shi ne, mai fushi ko alheri aka aiko masa sharri zai karanta, kuma 'yan zuga ba za su rasa fassarar da za ta yi masa daɗi ba. Duk uban da ya rabu da matarsa yake shirin zuwa kotu, kafin ya tara hujja a kan uwar, ya fara tambayar kansa ko ɗan zai gane shi in ya yi sallama. Allah ya yafe mana.